Ranar da na miƙa ikon root ba tare da na sani ba

Wani abokin aikina ya ishe ni da ƙorafi. Duk sanda yake son gyara ɗan fayil ɗin umarnin da ke tayar da manhajarsa idan sabar ta kunna, sai ya jira ni, domin fayil ɗin yana cikin /etc/init.d, kuma mallakar root ne, wato babban asusun da ke da cikakken iko a kan kwamfutar Linux. Don in huta, na buga chmod 777, umarnin da ke ba kowa izinin karanta fayil, rubutu a ciki da gudanar da shi, na ce masa ga fili ga mai doki.

Bayan kwana biyu ina duba wani abu da ls -l, umarnin da ke nuna izinin fayiloli, sai idona ya faɗa kan rwxrwxrwx, wato kowa na da cikakken izini a kan fayil ɗin. Gabana ya faɗi. Ai duk abin da ke cikin wannan fayil, root ne ke gudanar da shi lokacin tashin kwamfuta. Duk wanda ya iya ƙara layi ɗaya a ciki, komai ƙanƙantar asusunsa, ya zama root ke nan, a sake kunnawa kawai yake jira.

Lissafin ba wuya: karatu 4, rubutu 2, gudanarwa 1, ana tara su; lamba ta farko ta mai fayil ce, ta biyu ta rukuninsa, ta uku ta sauran mutane. Nan take na mayar da shi 755, wato kowa ya karanta ya gudanar, amma root kaɗai ke rubutu. Karatun ba ya cutarwa, sai fa in akwai kalmar sirri a ciki. To, abin kunya, akwai. Na kwashe ta zuwa wani fayil daban na sa masa 600. Na so in yi wayo da 711 don in ɓoye sauran, ashe fayil ɗin umarni ba ya gudana in mai son gudanar da shi bai iya karanta shi ba. Setuid kuwa, wato alamar da ke sa fayil ya gudana da ikon mai shi, Linux ba ya kula shi a irin waɗannan fayiloli.

Inda na kusa sake faɗawa rami shi ne layi na ƙarshe, wanda ke kiran wani fayil a cikin foldar abokin nawa. Na kulle ƙofa na bar taga. Mai ikon rubutu a folda yana iya goge fayil ya ajiye wani a madadinsa, ko da fayil ɗin na root ne.

Daga ƙarshe na rubuta masa fayil ɗin systemd, tsarin da ke tayar da hidimomi a Linux, mai izinin 644, na sa sunansa a layin User=, don manhajar ta tashi da ikonsa shi kaɗai. A sudoers kuma, fayil ɗin da ke tsara wanda zai iya aiki da ikon root, na ba shi damar sake tayar da wannan hidimar guda ɗaya. Ya ɗan yi gunaguni, amma tun ranar bai sake nemana a kan maganar ba.