Igwar iskar da muka haɗa don baje kolin kimiyya

Idan aka kwance igwar iska, abubuwa uku za a tarar: tankin da ake ɗura wa iska, bawul da ke tare ta, da bututun da ƙwallo ke fita ta cikinsa. Ba wuta, ba albarushi. Shi ya sa malaminmu na fiziks ya yarda ni da abokaina biyu mu yi ta a matsayin aikinmu na baje kolin kimiyya, amma da sharuɗɗa: ƙwallon tebur kaɗai za a harba, kowa ya sa tabarau na kariya, kuma matsin iska kada ya wuce bar 1, wato kusan rabin abin da ake sa wa tayar ƙaramar mota.

Tun kafin mu taɓa komai ya hana mu yin tanki da bututun roba na PVC, duk da shi aka fi gani a hotunan irin wannan aiki. Masu ƙera bututun da kansu suna gargaɗin kada a tara iska a cikinsa. Ruwa ba ya matsuwa, in bututu ya tsage sai dai ya yi yoyo. Iska kuwa tana matsuwa ta tara ƙarfi, ranar da robar ta gaza sai ta tarwatse, ɓaraguzanta masu tsini su watsu ko'ina. Don haka muka yi tankin da guntun bututun ƙarfe mai zare, muka huda murfinsa muka sa bawul ɗin taya, muka naɗe zaren da farin tef na masu gyaran famfo. Bututun harbi ne kaɗai na roba, tunda bakinsa a buɗe yake. Faɗin ƙwallon tebur milimita 40 ne, sai muka samu bututun inci ɗaya da rabi da yake shiga cif-cif. Ruwan sabulu muka shafa a kowace mahaɗa. Inda kumfa ya taso, nan iska ke zurarewa.

Wahalar duk tana wurin bawul. Mun sa irin na famfon ruwa mai hannu, wanda ake murɗawa kwata ɗaya ya buɗe. Famfon keke ɗaya, geji mai auna matsin iska ɗaya, matsi ɗaya, amma in ni na murɗa ƙwallon ya faɗi nan kusa, in abokina mai zafin hannu ya murɗa sai ya wuce nawa da tazara. Har muka fara musu a kan wa ya iya harbi. Ashe lissafi ne. Fuskar ƙwallon da iska ke turawa ta kai kusan murabba'in santimita 12.6, a bar 1 ƙarfin turin ya yi daidai da nauyin kilo 13 ko kusa da haka, alhali ƙwallon giram 2.7 ne kacal. Da bawul ya ɗan buɗe, ƙwallon ya riga ya kama hanya. Kafin hannu ya gama murɗawa ya fita, sauran iskar ta bi bayansa a banza da wani dogon huci. Sai muka ƙara wa hannun bawul ɗin tsawo da sanda, muka ɗaure shi da robar tsohon tub ɗin keke a miƙe, muka tokare da ƙusa mai igiya. A ja igiya, ƙusa ta fice, roba ta fizge hannun. Ƙarar ma ta canza, daga "fuuu" ta koma "fat!", kuma daga nan harbi ya daina bambanta tsakanin mutum da mutum. Sai a lokacin awonmu ya zama abin da za a iya rubutawa.

Tsawon bututu ma ya ba mu mamaki. A tunanina, dogo ya fi. Dokar da Robert Boyle ya wallafa a 1662 ta ce in wurin da iska take ya ninka, matsinta ya ragu da rabi, muddin zafinta bai canza ba. Geji kuma ba ya ƙidaya matsin iskar da ke kewaye da mu, wanda shi ma kusan bar 1 ne. Ke nan in geji ya nuna 1, ainihin abin da ke cikin tanki 2 ne. In cikin bututu ya kai girman cikin tanki, kafin ƙwallo ya iso baki matsin ya sauko 1, daidai da na waje, turi ya ƙare. Ƙarin tsawo bayan nan birki ne. A zahiri ma turin yana ƙarewa da wuri, domin iska na yin sanyi in ta buɗe farat ɗaya. Mun rage bututun, ƙwallon ya ƙara gudu.

Littafinmu ya ce kusurwar digiri 45 ce ke kai abu nesa, kamar yadda Galileo ya nuna a 1638. To, wannan lissafin bai sa jan iska a ciki ba. Namu ƙwallon yakan tashi da ƙarfi, ya yi sanyi a sama, ya faɗo kusan a tsaye. Wajen digiri 30 ya fi yin nisa. Da muka ɗaga matsi daga rabin bar zuwa bar 1, nisan ɗan kaɗan ya ƙaru, har muka ɗauka tankin na yoyo ne. Muka kafa allo mai layuka a gaban bututun, muka ɗauki bidiyo da wayar da ke ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa. Ƙwallon bai fito ba sai a hotuna biyu zuwa uku, shi ma kamar farin zare, amma ya isa mu ga cewa gudun fitarsa ya ƙaru sosai.

Ranar baje kolin, ɗaya daga cikin alƙalan ba ta ko nemi a harba ba. Ta tsaya kan zanen awonmu, ta sa yatsa inda layin nisa ya kwanta alhali na gudu yana hawa, ta ce, "Ina ƙarfin ya tafi?" Na ce mata, "Malama, iska ce ta cinye. In gudun ƙwallo ya ninka biyu, jan da iska ke yi masa ninkawa huɗu yake yi, shi kuma ba shi da nauyin da zai keta ta." Ta tambaya me za mu canza in muna son nisa. Abokina ya ce ƙwallo mai nauyi mai faɗi ɗaya, amma sai an sake neman izinin malam, kuma a fili mafi girma.