Kayan Auna Shafi: Na Kyauta ko Na Kuɗi?

'Yan uwa masu shafukan intanet, na daɗe ina gwada kayan bincike, ga inda na tsaya. Wajen auna saurin buɗewa, PageSpeed Insights na Google ya wadatar da ni, kuma kyauta ne. Ana so babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Ni hotuna masu nauyi ne suka riƙe min shafi, da na mayar da su WebP, wato tsarin hoto mara nauyi, sai ya saki.

Maganar shafukan da ke turo mahaɗi zuwa naka kuwa, Search Console, kayan binciken Google na masu shafi, na shafinka kaɗai zai nuna maka. Leƙa na abokan gasa sosai sai da kayan bincike irin su Ahrefs ko Semrush, kuma akwai tsada. Ni dai ba zan biya ba sai shafin ya fara kawo kuɗi.