Godiya ga duk waɗanda suka tsaya mana

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ranar Lahadin da ta wuce muka yi sujadar godiya, domin Baban yara ya miƙe, ya shiga majami'a da ƙafarsa ba sanda, bayan hatsarin babur ɗin da ya karya masa cinya bara. Baba Fasto ya ba ni dama in yi magana, kuka ya ci ƙarfina, ko rabin abin da ke raina ban faɗa ba. Ragowar ke nan na kawo muku.

Da can cincin da kek na Kirsimeti kawai nake yi, sai kuma in wani cikin yara ya cika shekara. Da maigida ya kwanta, ga kuɗin magani ga kuɗin makaranta, sai wannan kwaɓin ya zama shi ke riƙe da gidan. Kun kuwa san yadda kaya suka yi tsada tun da aka cire tallafin mai a 2023. Buhun fulawa mai kilo 50 ya fi ƙarfina, sai awo a mudu. Akwai wani bawan Allah mai shago a kasuwar Singa da ya ga yadda nake zarya, wata rana ya ce, "Madam, ɗauki buhu, in kin sayar kya kawo." Bai nemi shaida ba, bai tambayi inda nake sujada ba. Alhaji, na gode, Allah ya ƙara buɗi.

Abin da ya fi damuna a watannin nan shi ne na daina zuwa Zumuntar Mata, addu'ar tsakiyar mako ma ta gagara. Asuba in tashi in yi kwaɓi, in shirya yara, in gyara majinyaci, in soya, in gasa, in ƙulla a leda. Littafi Mai Tsarki yana kan tebur, fulawa ta yi masa fari. Har na fara ji kamar na yi nisa da Ubangiji.

Mama, matar Fastonmu, ita ta cire mini wannan ƙaya. Ta zo dubiya ta same ni hannu dumu-dumu a roba, na kawo mata kukana. Ba ta ce in tashi mu shiga ɗaki ba. Ta jawo kujera 'yar tsuguno, ta buɗe Matiyu 13:33, inda Yesu ya kwatanta Mulkin Sama da yistin da mace ta cuɗa a mudu uku na gari har duka ya tashi. Ta ce, "'Yata, Ubangiji ya san madafa." Ta kuma tuna mini Saratu a Farawa 18, ita ma mudu uku na gari ta kwaɓa wa baƙin Ibrahim, a ranar aka ce baɗi war haka za ta sami ɗa. Na sha jin ayoyin nan tun ina makarantar Lahadi, amma ban taɓa jin su da ƙulli a hannuna ba.

Duk mai yin burodi ko fanke ta san akwai lokacin da babu abin da za ta ƙara. Kin jiƙa yis da ruwa mai ɗumi da ɗan sukari (in ruwan ya yi zafi ya kashe shi), kin murza har hannu ya gaji, kin rufe. Saura jira. Da bazara kafin ki wanke kwanuka ya kumbura, da hunturu kuwa sai kin lulluɓe robar da zane kin kai ta kusa da murhu, ya tashi a lokacin da ya ga dama. Wannan jiran na mayar lokacin addu'ata. Ina zaune gefen roba ina kiran sunan kowane yaro, ina roƙo ƙashin Babansu ya haɗe. Shi ma ƙashin haka likita ya ce, ba a yi masa gaggawa. Wata rana addu'ar ba ta wuce "ka ba mu abincin yau" ba, kuma an ba mu.

Matan zumunta, ku kuka riƙa yin odar cincin ɗin da na san ba buƙatarsa kuke ba. Na gane, shiru kawai na yi. Wata cikinku ta kawo galan na man gyaɗa ta ajiye a bakin ƙofa ta tafi, har yau ba ta amsa cewa ita ce ba. A makon nan ina ta tuna gwauruwar Zarefat a 1 Sarakuna 17, wadda garinta da manta ba su ƙare ba.

Hajiya maƙwabciyata, ke kika koya mini gashi a babbar tukunya da yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, ranar da gas ya ƙare kuma aka ɗauke wuta, ga kek ɗin suna ana jira. Ke kika kuma haɗa ni da masu sayen cincin na Sallah. Zumuncin nan Allah ya bar mu da shi.

Ina gode wa ma'aikatan jinya da likitan ƙashi, da dattawan ikilisiya da suka kawo wa maigida Jibin Ubangiji har gida, da matasan da suka riƙa ɗaga shi. Ɗan'uwa mai adaidaita sahu da ke kai mini kaya shaguna a Sabon Gari da Birget, sau da yawa ba ka karɓi cikakken kuɗi ba. Surukata, Mama, kin baro ƙauye da damina kin zo kin riƙe ƙananan. Babbar 'yata kuwa yanzu ta fi ni iya yankan cincin, ko da yake rabin na gefe a bakinta yake ƙarewa.

Waɗanda suka kawo abinci ranar Lahadi, akwai kuloli da faranti da suka rage a wurinmu ba suna a jiki. An wanke su, suna nan. Mai ita ta aiko yaro, ko ta faɗa mini bayan sujada in taho mata da ita.

Ubangiji ya sāka wa kowa da alheri. Amin.