Manhajar da Muka Sake Rubutawa Daga Ɗakin Duba Marasa Lafiya

Da na kammala daftarin farko na manhajar horar da likitocin iyali, gani nake aiki ya yi kyau. Wata babbar likita a kwamitinmu ta karanta shi tsaf, ta ajiye biro, ta ce, "Likita, wannan ai duk na waɗanda ke kwance a gado ne. Ina wanda ya shigo da ƙafarsa yana cewa jikinsa ne kawai babu daɗi?" Maganar ta tsaya mini a rai, domin daga abin da na saba gani a asibitin koyarwa na kwaso darussan.

Ita ce ta tuna mini da binciken Kerr White, wani likita mai nazarin harkar kiwon lafiya, na 1961: cikin manya 1,000 a wata guda, kimanin 750 kan yi wata rashin lafiya, 250 su ga likita, a kwantar da 9, mutum 1 kacal ke kaiwa asibitin jami'a. Ashe a kan wannan mutum ɗayan na gina komai.

Sai muka ba masu koyo littafi, kowa ya riƙa rubuta abin da ya kawo duk wanda ya duba. Hawan jini, ciwon sukari, zazzaɓin yara, awon ciki, ciwon baya, da damuwar da ke fakewa da ciwon kai. Daga nan muka fitar da darussa.

Tantancewa ce ta fi ba mu wuya. George Miller, masanin koyar da likitanci, ya jera matakai huɗu na ƙwarewar likita a 1990: sani, sanin yadda ake yi, nunawa, sannan aikatawa, mu kuwa jarrabawarmu ba ta wuce biyun farko ba. Na fara zama a kusurwar ɗaki ina kallo, da izinin mai jinya. Wani hazikin matashi ya katse wata mata tun ba ta gama bayani ba, ya rubuta magani. Sai da ta riƙe ƙofa ta juyo ta ce, "Dama akwai wani ƙullutu a nonona." Na ji tsoro ranar, domin da ta fice shi ke nan.

Tun daga lokacin sauraro ya zama darasi mai maki. Tsofaffin likitoci kuma muka rage laccar da ake yi musu. Sukan zauna su shida ko bakwai, kowa ya kawo matsalar da ta hana shi barci a watan, a tattauna ba tare da ambatar sunan kowa ba.