Ku Leƙa Ƙarƙashinta Kafin Ku Biya Kuɗi

Ƙannena, mota ta farko da na saya da gumina doguwa ce, irin waɗannan matsakaitan da kowa a Maraɗi yake kira kat-kat. Tun da Toyota ta fito da RAV4 a 1994, Honda ta biyo da CR-V, samfurin nan ya cika duniya, har ya iso mana ta Kwatano da Lome. Tawa ba zan faɗi sunanta ba, don laifin nawa ne, ba nata ba.

Ranar da na je gani, kujerun fata na shafa, na buɗe gilashin rufi, na kunna kiɗa. Dillali yana ta "Alhaji, ai wannan ba irinta a garin nan." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma kaina ya kumbura. Na biya.

Wata biyu bayan nan aka yi rasuwa a wani ƙauye bayan Mayayi. Muna barin jar hanya muka shiga rairayi, sai tayun gaba suka hau tono rami, na baya kuwa ko motsi. Na ƙara wuta, ta ƙara nutsewa har ciki ya zauna. Wani dattijo mai amalanken shanu ya tsaya, ya duƙa ya leƙa, ya ce, "Yaro, wannan ai ƙafa biyu take tafiya da su." Shanunsa ne suka fid da mu, kawuna yana gefe yana kaɗa rigarsa, bai ce mini komai ba har muka dawo gida. Shirun nan ya fi faɗa zafi.

Abin da ban sani ba a lokacin: da yawa daga cikin motocin nan tayun gaba kaɗai injin yake ja, jiki ne kawai ya yi tsawo. Ko a samfuri ɗaya akwai mai jan biyu, akwai mai jan huɗu. Kada rubutun bayan but ya ruɗe ku, ana liƙa shi. Ku kwanta ƙasa ku duba: in akwai dogon ƙarfe da ya taso daga giya zuwa tsakiyar tayun baya, tana jan huɗu. In babu, galibi babu. Kuma kuna kwancen nan ku duba tsatsa, don wadda ta fito daga yankin ƙanƙara na Amurka ko Kanada gishirin hanya ya kan ci ta daga ƙasa. Ta Amurka kuwa lissafin tafiyarta ma da mil ne: 100,000 a allonta kilomita 160,000 ke nan.

Ko mai jan huɗun ba Hilux ba ce. A rairayi a rage iskar taya, a tafi a hankali ba tsayawa.

Kayan ƙawan da suka ja ni kuwa, su suka fara juya mini baya. Kujerar fata a zafin Afrilu kamar kaskon tuya. Gilashin rufi ƙurar hunturu ta toshe magudanarsa, damina ta farko ruwa ya ɗigo wa maiɗakina a ka. Kilim mai sanyi da taya mai kauri sun fi mini su duka.

Amfani dai tana da shi, ba zan ci amanarta ba. A kwantar da kujerun baya, ta ɗauki buhunan hatsi, ranar Juma'a ta kwashi yara zuwa tafkin Madarunfa. Sai dai nan ma na yi wauta: buhu biyar na gero da mutum biyu na ɗora mata daga Tasawa. Nauyin da aka yarda mata yana rubuce a bakin ƙofar direba, galibi bai wuce rabin tan da yawa ba, har da mutanen ciki. Amortisa biyu na baya, masu tare girgiza, suka tafi, aka yi sati uku ana neman irinsu har Kano.

Nan na gane tsadar mota ba ranar saye take ba. Da can muna shan ruwa-ruwa, wato man bakin hanya mai arha, na Ɗan Isa da ke kan iyaka, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 wannan ya wuce, kowace lita sai an ji ta. Da na tashi sayar da ita, wata huɗu tana tsaye ƙofar gida. Ta yanzu ba ta da gilashin rufi, makanikena ya kwanta ƙarƙashinta kusan rabin awa kafin na ce wa dillali ko sannu.