Sati na biyar: kajina da ruwan tafarnuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon kiwo. Yau kwana 35 ke nan da na kawo 'yan tsaki 50 gidana a nan Pantami, cikin garin Gombe. Biyu sun mutu a satin farko, sauran suna nan lafiya, kuma har yau ban kaɗa musu antibayotik a ruwa ba.

A zubin da ya wuce, kwana biyar ba sa cika sai na ba su antibayotik ɗin nan teramaisin, ko da ciwo ko babu, don haka na ga ana yi. Ranar da ciwon gaske ya zo, maganin ya ƙi aiki. Likitan dabbobi ne ya zaunar da ni ya yi mini bayani: ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin da ake yawan ba su har su daina jinsa, ragowarsa kuma tana zama a nama da ƙwai, mu da 'ya'yanmu mu ci. Shi ya sa Tarayyar Turai ta hana zuba antibayotik a abincin dabbobi don saurin girma tun 2006. Wannan magana ta 'ya'ya ita ta fi tsaya mini a rai.

Tafarnuwa ce babban abin da na riƙe. Nakan ɓare ta, in daka a turmi, in bar ta kamar minti goma kafin in zuba ruwa in tace. Wannan jiran yana da muhimmanci, domin sinadarin alisin mai yaƙar ƙwayoyin cuta ba ya samuwa sai an farfasa ta, kuma zafi yana lalata shi. Saboda haka kada ku tafasa, kada kuma ku ajiye ta kwana. Duk ranar da zan ba su, da safe sabuwa nake yi, da yamma in zubar da ragowar in wanke mazubin. Karon farko hannuna ya yi nauyi, kajin suka ƙi shan ruwan har azahar, kun kuma san zafin Gombe. Kazar da ba ta sha ba, ba za ta ci ba. Na rage sosai, na sa 'yar citta, yanzu sau uku a sati suke samu.

Zogale kuwa a inuwa nake shanya shi don kada ya ƙone ya rasa korensa, in niƙa, in barbaɗa kaɗan a abinci. Dogon yaro na gwada sau ɗaya na bari, ɗacinsa ya hana su sha.

Rigakafi dai ban taɓa wasa da shi ba. Fakat da gumboro bairos ne ke kawo su, ba tafarnuwa ba antibayotik da zai tare su. Sun sha Lasota, wato rigakafin fakat, da na gumboro a kan lokaci, kuma ranar rigakafi ruwa zalla nake ba su, ba na haɗa komai.

A sati na huɗu na ga kashi da jini a gefen mazubin ruwa. Da na tona shimfiɗar, sai na tarar ƙaiƙayin shinkafar ya jiƙe sharkaf a ƙasa. Ban tsaya neman ganye ba, na kira likita, ya ce zawon jini ne, ya rubuta amfuroliyam. Na kwashe shimfiɗar duka na zuba busasshiya, na ɗora mazuban a kan bulo. Cikin kwanaki kashin ya koma daidai.

Jibi zan ɗora su a sikeli in rubuta nauyin kowacce. Zubi na gaba, in Allah ya kai mu, zan raba su gida biyu, abinci ɗaya, shara ɗaya, ɓangare guda ne kawai zai sha tafarnuwa.