A ɗora mana buta a shataletale

Jama'a, ƙanina da ke karatun zane-zane a ABU Zariya ya nuna min hoton da ya sa na yi ta dariya a gida. Abin maƙale shanya ne, irin wanda ake sayarwa a Kasuwar Bacci, amma na ƙarfe, tsayinsa ƙafa 45, a tsakiyar birnin Filadelfiya na Amurka. Wani gwanin fasahar ƙere-ƙere mai suna Claes Oldenburg ne ya yi shi a 1976. A Miniyapolis kuma shi da matarsa Coosje van Bruggen suka shimfiɗa ƙaton cokali a kan ruwa, da jan ɗan itace a bakinsa.

Da na ƙura ido sai dariyar ta tsaya. Ashe wayar nan da ke matse bakin abin shanya tana da kyan lanƙwasa, kullum tana hannunmu ba mu taɓa lura ba.

Ni dai na ce maƙeran Panteka, masu narka gwangwani su zuba tukunya, za su iya ƙera mana irin wannan. Buta mai tsayin bene a shataletale, hancinta na zubo ruwa. Ba hoton mai rai ba ce balle malamai su yi magana. Kuɗin ƙarfen ne kawai matsalar, wallahi.